Yadda na raba ƙanwata da "did you went"

Wata biyu ina fama da ƙanwata da ke aji biyu na ƙaramar sakandare. Kullum littafinta ja-wur da biro: "did you went", "he didn't came". Na sa ta haddace ƙa'ida, washegari ta koma gidan jiya. Abin ya dame ni ƙwarai, don yarinyar tana da ƙoƙari.

Ran nan bayan isha'i muna zaune a tabarma, sai na ajiye Turancin gefe, na rubuta mata Hausa: ya ci, zai ci, yakan ci. Na ce, "Me ya canza?" Ta duba ta ce, "Yaya, ai ci yana nan yadda yake, na gabansa ne ke sauyawa."

To, nan ne bakin zaren. A Hausa ƙaramar kalmar da ke gaban aikatau ita ke ɗaukar lokaci. Na ce mata "did" ma aikinta ke nan: da zarar ta shigo jimla ta riga ta ɗauke lokacin da ya shuɗe, sai "went" ya koma "go", "came" ya koma "come". Ba a ɗora kaya ɗaya sau biyu.

Na ba ta jimloli 10, ta gyara 9 da kanta.