Yadda ake tsayar da haɓo, da gane wanda ba na hunturu ba ne

Da zarar hunturu ya kankama a Katsina, haɓo sai ya zama ruwan dare, musamman ga yara. Abin da na fi gani shi ne a ce wa yaro ya ɗaga kai sama. Kuskure ne. Jinin bai tsaya ba, makogwaro yake gangarawa, yaro ya yi ta haɗiya, can sai amai.

Zaunar da shi, ya ɗan sunkuyo gaba. Ka matse hancin da yatsu biyu a wurin nan mai taushi, ba kan ƙashin karan hanci ba. Ya riƙa numfashi ta baki, jinin da ya zo bakin ya tofar. Minti 10 zuwa 15 cur da agogon waya, ban da saki a leƙa. Cusa tsumma ko takarda ban yarda da shi ba, wajen cirewa ake fama wurin. Da daddare a shafa ɗan Vaseline a ƙofar hanci, ba sai an sayi magani mai tsada ba.

Inda ni kaina na yi sake shi ne lura da gefen da jinin ke fita. Ɗan yayata, yana da shekara 15, ya yi wata da watanni yana haɓo ta hagu kaɗai, gefen kuma kullum a toshe. Muka ce mura ce, muka yi ta sayen maganin ɗigawa a kemis. Ashe tsiro ne can bayan hanci, wanda likitoci ke kira anjiyofaiburoma, kusan samari maza kaɗai yake fito wa. Ba kansa ba ce, wato ciwon daji, amma cike yake da jijiyoyin jini. Murar da ƙwayar bairos ke kawowa takan kama ƙofofin biyu, ta wuce cikin kwana 7 zuwa 10. Saboda haka ka toshe wa mai haɓon ƙofa ɗaya da yatsa ya shaƙi iska, sannan ɗayar, ka ga ko gefe ɗaya ne kaɗai a toshe. Ka riƙa rubuta ranar kowane haɓo da gefensa, likita zai tambaya.

Ga babba, a kula da kaluluwa a wuya marar zafi, kunne ɗaya da ya toshe, da majina mai jini-jini. Haka kansar bayan hanci kan fara, wadda ke da alaƙa da bairos ɗin Epstein-Barr. Kafintoci da dukawa su ƙara kula, ƙurar katako da ta fata na jawo kansar cikin hanci.

In gefe ɗaya ya wuce mako 3 a toshe, sai sashen kunne, hanci da makogwaro na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Za a leƙa da siririyar kyamara, wataƙila a ce hoton CT, wato hoton cikin kai da na'ura ke ɗauka, shi ne mai cin kuɗi, a fara tanadi. Kada wanzami ya taɓa tsiron ko kusa. Jinin da ya ƙi tsayawa bayan minti 20 kuwa, asibiti a take.