Kamfani ya ƙara gudun intanet, naka bai motsa ba: ga inda za ka duba

Saƙo ya shigo min daga kamfanin da ke ba ni intanet na kebul, wai sun gama aikin inganta layi, gudu ya ƙaru. Sana'ata haɗa bidiyo ce, kullum cikin tura manyan fayiloli nake, saboda haka har na fara murna. Da daddare na gwada, sai ga lambar da na saba gani, ko gezau. Na kira su da faɗa a bakina. Ashe matsalar tana bayan kabad ɗina, ta shekara da shekaru tana shan ƙura.

Sai ka san abin da suka taɓa kafin ka gane abin da ya rage maka. Faiba, wato wayar zaren gilashi, ce ke ɗauko intanet zuwa wani akwati da ke kusa da gidaje, daga nan wayar jan ƙarfe mai allura a tsakiya, irin ta talabijin, ta rarraba shi gida-gida. Duk gidajen da ke kan akwati ɗaya rabon gudu suke yi, shi ya sa da yamma, idan kowa ya dawo ya kunna kallo, abin yake jan ƙafa. Idan kamfani ya ce ya inganta, yawanci ya raba akwatin ne don gidaje su ragu a kansa, ko ya faɗaɗa zangon mitar da wayar ke ɗauka, ko ya koma sabon tsarin DOCSIS, wato yaren da modem ɗinka, na'urar da wayar kebul ke shiga a gidanka, yake yi da injin kamfani. Cibiyar CableLabs ta Amurka ce ke fitar da shi: na 3.0 ya zo a 2006, na 3.1 a 2013, sannan na 4.0 wanda a takarda yake iya kai gigabit 10 wajen saukewa da 6 wajen ɗorawa.

Ni ɗorawar ce ta dame ni. Don talabijin aka shimfiɗa waɗannan wayoyi tun asali, hoto ya sauko maka ka kalla, ba a yi tunanin kai ma za ka tura wani abu ba. Sai aka bar wa ɗorawa ɗan lungu a zangon mitar, daga megahaz 5 zuwa 42 a Arewacin Amurka, zuwa 65 a Turai. Aikin da ake yi yanzu yana ture wannan iyaka zuwa 85, wani wurin har 204. Riƙe lambar 42 ɗin nan, za mu dawo kanta.

Kada ka yi gwaji da wayar hannu kana kwance a ɗaki na uku. Wannan Wi-Fi ɗinka kake aunawa, ba layin kamfani ba. Ɗauki kwamfuta ka jona ta da wayar haɗa kwamfuta kai tsaye a jikin modem, ka kashe modem ɗin ka sake kunnawa, domin da yawa ba sa karɓar sabuwar na'ura sai an yi haka, kuma a lokacin ne yake ɗauko sabon saiti daga kamfani. Gwada da sassafe, ka sake gwadawa da dare, ka rubuta duka biyun. Ka tuna da megabit ake sayar maka, shi kuwa fayil da megabait ake auna shi, takwas ne ke ba da ɗaya. Mai layin megabit 400 da ya ga fayil yana sauka da megabait 50 a daƙiƙa, ba a cuce shi ba.

Lambar da ta fito tana tona asiri. In ta tsaya cak wajen megabit 94 ko 95, akwai tsohuwar waya ko tsohuwar ƙofa, wato ramin da ake soka wayar, mai iyakar 100 a hanya, ka canza wayar zuwa Cat5e ko Cat6. In ta tsaya wajen 940 alhali ka biya fiye da gigabit ɗaya, ƙofar gigabit ce ta kai iyakarta, sai da ƙofa mai gigabit 2.5 a modem da rauta, wato na'urar da ke ba da Wi-Fi, da kwamfuta gaba ɗaya za ka wuce nan.

Sai ka juya modem ka karanta takardar da ke manne a gindinsa. In DOCSIS 3.0 ne, zai ci gaba da aiki, amma ba ya jin sababbin tashoshin da aka buɗe, tamkar tsohuwar rediyo da ba ta kama FM. In na kamfani ne ka nemi su canza maka. In kai za ka saya, kada rubutun kwali ya ruɗe ka, don ba kowane 3.1 ne yake iya ɗorawa har 204 ba. Duba jerin waɗanda kamfaninka ya amince da su a kan tsarin da ka biya tukuna.

Yanzu ga inda na sha kunya. Bi wayar kebul da hannunka, daga modem har inda ta shigo gida. Ni da na ja kabad sai na tarar da ƙananan ƙarafunan nan masu raba waya har guda biyu a jere, da wani akwatin ƙara ƙarfin sigina da wanda ya zauna kafin ni ya jona don talabijin ɗinsa. Kowane mai raba waya gida biyu yana cinye wajen desibel 3.5, wato sama da rabin ƙarfin sigina, ko da babu komai a ɗaya bakin. Shi kuma akwatin ƙara ƙarfin, a jikinsa an rubuta 5-42. Ka ga kenan kamfani ya buɗe babbar hanya, shi yana tsaye a ƙofa yana cewa iyakarsa 42. Na cire su duka, na haɗa wayar kai tsaye da ɗan ƙarfe mai haɗa baki biyu.

In dole sai ka raba saboda talabijin, yi amfani da guda ɗaya tak, modem ya kasance a rabon farko, kuma ka karanta zangon da aka rubuta a jikinsa. Tsofaffi suna tsayawa a megahaz 1000 ko ƙasa, shi kuwa 3.1 yana iya kaiwa 1218. Bakin da ba ka amfani da shi kada ka bar shi a buɗe, akwai ɗan murfi mai om 75 da ake ɗaura masa. Buɗaɗɗen baki da kan waya da bai ɗauru da kyau ba suna shigar da hayaniya, kuma hayaniyar ba a gidanka take tsayawa ba, tana bin waya ta koma akwatin da kuke tarayya, ta lalata wa maƙwabta ɗorawarsu su ma. Ɗaure kowane kai da kyau, wanda ya yi tsatsa a yanke a sa sabo. In wayar siririyar nan ce da aka rubuta RG59 a jikinta, kuma tana da tsawo, RG6 ta fi ta nesa ba kusa ba.

Modem da kansa yana da shafin da yake faɗin lafiyarsa. A yawancinsu, ka rubuta 192.168.100.1 a burauza. Ƙarfin siginar saukewa ana son ya zauna kusa da sifili, tsakanin -7 da +7, lambar SNR kuma, wato yadda sigina ya fi ƙarfin hayaniya, ta kai 35 ko sama. Ƙarfin ɗorawa in ya haura 50, modem ɗin ihu yake yi don kamfani ya ji shi, alamar wani abu ya tare hanya. Ɗauki hoton shafin kafin ka taɓa komai, ka sake ɗauka bayan ka gyara.

In jonawa da waya kai tsaye ta ba da cikakken gudu amma Wi-Fi bai bayar ba, zancen rauta ne. Fito da ita fili, ka koma zangon gigahaz 5, in ta tsufa ka canza.

Sai bayan duk wannan ne kiran kamfani yake da amfani. Kada ka ce musu intanet ba ya sauri kawai, za su ce ka kashe ka kunna. Ka ce ka jona waya kai tsaye, ga abin da ka samu da safe, ga na dare, ga lambobin sigina. In da safe lafiya da dare kuma ya faɗi, cunkoso ne a akwatinsu, gyaran nasu ne. In sigina ba shi da kyau tun daga inda waya ta shigo gida, su turo ma'aikaci ya duba daga waje. Ka kuma tambaye su ko an sa sabon gudun a kan asusunka, don wani lokacin layi ya shirya amma kai kana kan tsohon tsari.

Ni dai ban sake kiran su ba. Bidiyon da a da nake bari ya kwana yana tafiya, a daren da na cire akwatin ya isa kafin in gama mayar da kabad wurinsa.