Kurakuran da Iyalan Kirista Suka Fi Yi Wajen Neman Kusantar Allah

Gidaje da yawa sun rataye maganar Joshuwa 24:15 a bango, "ni da gidana za mu bauta wa Ubangiji," amma sujadar iyali ba ta wuce mako biyu sai ta mutu. Na gaji da ganin sababbin ma'aurata suna tuntuɓe a wuri ɗaya.

Babban kuskuren shi ne mai da labaran Littafi Mai Tsarki bulalar dukan yara. Uba ya buɗe 1 Sama'ila, ya ce wa ɗansa, "Dubi Sama'ila, yaro mai biyayya, kai kuwa fa?" Ya manta cewa a labarin nan akwai uba, sunansa Eli. Firist ne a Shilo, ya yi shekara 40 yana shugabancin Isra'ila, amma 'ya'yansa Hofni da Finehas suna sa cokali mai yatsa uku a tukunyar hadaya suna kwashe naman. Eli ya yi musu faɗa, i, amma bai hana su ba, kuma a kan wannan Allah ya hukunta gidansa (1 Sama'ila 3:13). Rana ɗaya 'ya'yan biyu suka mutu, shi ma ya faɗi daga kujera wuyansa ya karye.

Wannan ya ci ni ƙwarai. Ina cikin kwamiti kaza da kaza a ikilisiya, kullum da dare ina taro, har ɗana ya daina tambayata komai game da Allah, domin kowace tambaya wa'azi take jawo masa. Da kyar bakinsa ya sake buɗewa. Ya ɗan'uwa, in kana wajen aikin Ubangiji dare bakwai a mako, wa ke kiwon gidanka? Fasto? Malamar makarantar Lahadi da take ganinsu awa ɗaya? Ajiye wasu muƙaman nan. Ni yanzu, kafin in karanta wa yara labari, nakan fara neman iyayen da ke cikinsa in auna kaina da su. Mukan karanta ayoyi kaɗan, yara su yi tambaya, ni in yi shiru har su gama.

Na biyu shi ne nuna bambanci tsakanin 'ya'ya, kuma iyaye ba sa yarda suna yi. Ishaku ya fi son Isuwa saboda naman farauta, Rifkatu ta fi son Yakubu (Farawa 25:28). Da Isuwa ya yi fushi da Yakubu, ta ce wa Yakubu ya gudu Haran na 'yan kwanaki, ya yi shekara 20. Shi ma da ya haihu sai ya ɗinka wa ɗansa Yusufu riga ta musamman, 'yan'uwan suka kasa ko gaishe shi cikin salama. Yaron da kullum shi ake ba karatu da addu'a, sauran suna kallo, kana tsammani ba su lura ba? A gidana juyi muke yi, har mai in'ina a karatu. Kuma kamar Ayuba, wanda yakan tashi da sassafe ya miƙa hadaya bisa yawan 'ya'yansa, nakan kira sunan kowannensu a addu'a yana ji.

Sauran ƙanana ne. Sujada mai tsawo har yara su yi gyangyaɗi: rage ta, Maimaitawar Shari'a 6:7 ta ce a koyar a zaune, a tafe, da kwanciya, da tashi. Wani kuskuren shi ne haddace Afisawa 6:1, mai cewa 'ya'ya su yi wa iyayensu biyayya, a tsallake aya 4, wadda ta hana ubanni tsokanar 'ya'yansu. Wani kuma shi ne bar wa uwa komai da hujjar cewa Timoti a hannun mahaifiyarsa da kakarsa ya tashi. Mata da miji kuwa da ba sa magana tun safe, su durƙusa tare da dare a gaban yara: ku shirya tukuna, 1 Bitrus 3:7 ta ce yadda miji ke riƙon matarsa yana iya tare addu'arsa.