Yadda Ake Haɗa Babban Samfurin Jirgin Yaƙi na Faiba Mai Tashi da Rimot

Duk wanda ya buɗe akwatin kayan haɗa samfurin jirgin yaƙi a karo na farko, gangar jikin ce take fara yaudararsa. Tana fitowa sumul, da cikakkiyar siffar jirgi tun daga hanci har wutsiya, har mutum ya ɗauka aikin mako biyu ne ya rage masa. Alhali kuwa ɓawo ne kawai aka ba shi, wanda aka zuba da zaren gilashi da ruwan gam, abin da masu sana'a ke kira faiba. Inji da ƙafafu da fukafukai da na'urorin sarrafawa da fenti duk suna jiransa, kuma wanda yake taɓa aikin da yamma bayan ya taso daga wajen neman abinci zai iya cin wata shida zuwa shekara bai kammala ba. A tsawon wannan lokaci akwai abubuwa biyu da nake so ya riƙa auna kowane mataki da su, wato nauyi, musamman nauyin wutsiya, da kuma miƙewar sassa.

Kafin a biya kuɗin kaya ma, a fara da hukuma. Tun a 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa, NCAA, ta sanar cewa ba a tayar da jirgi marar matuƙi a sararin Nijeriya sai da izininta da na ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Garinmu Kaduna kuwa gari ne na sansanin sojan sama da makarantar NDA da filin jirgin sama, saboda haka abu mai faɗin mita biyu, mai launin soja, mai ƙarar inji, ba zai wuce a matsayin wasan yara ba. A nemi takardun da ake bukata tun kafin kaya su iso kwastan, kada kuɗi su maƙale a tashar jirgi.

Sai zaɓen jirgi. Mafi yawan manyan samfura ana yin su ne a kan kashi ɗaya cikin biyar na girman jirgin ainihi. Jirgin P-51 Mustang na Amurka, wanda ya fara tashi a 1940, faɗin fukafukansa mita 11.28 ne, don haka samfurinsa zai kai kusan mita 2.25, ya yi nauyin kilo 10 zuwa 13, ya bukaci injin fetur mai girman sisi (cc, awon girman inji) 50 zuwa 62, irin DLE-55 ko Zenoah G-62. Spitfire na Ingila ya fi kowa kyau a ido, amma ban ba mai farawa shawarar ɗaukarsa ba, domin tayoyinsa biyu suna kusa da juna, kuma a filinmu mai tsakuwa da ramuka ƙaramin tuntuɓe ya isa ya goga fiffike a ƙasa. Mustang da P-47 Thunderbolt da Hurricane suna da ƙafafu a ware, sun fi tsayuwa da kyau. Ni dai zuciyata tana wajen Hurricane saboda ya taɓa ratsa samaniyarmu: daga 1940 sojan saman Ingila sun riƙa kawo irinsa a cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi, su harhaɗa shi a can, sannan su tuƙo shi ta Legas da Kano da Maiduguri zuwa Sudan har Masar. Haɗa jirgi daga akwati kuma ba baƙon abu ba ne a nan garin, tunda a Kaduna aka harhaɗa jiragen horo na Air Beetle daga sassan ƙaramin jirgi RV-6A da aka shigo da su.

Aiki na farko wanki ne. Lokacin da ake zuba faiba ana shafa wa mazubin kaki domin kada ta manne, kuma ragowar kakin nan yana biyo gangar ciki da waje. Gam ba ya kama kaki, fenti ma haka. A wanke ta sau biyu da ruwan ɗumi da omo, a bar ta ta bushe a inuwa, sannan duk wurin da za a liƙa wani abu a goge shi da samfefa mai lamba 80 har sheƙin ya dushe, a share da asiton. A kuma bincika ko da gam na foliyesta aka zuba gangar ko da efoksi, domin efoksi yana kama duka biyun, amma foliyesta ba ya kama efoksi da kyau, kuma yana narkar da farin soson da ake yin cikin fiffike da shi. Ƙurar faiba tana shiga huhu, tana sa fata ƙaiƙayi kwana da kwanaki, saboda haka takunkumi da safar hannu wajibi ne.

A nan ne zafin garinmu yake shigowa. Tsawon lokacin aiki kafin gam ya daskare da aka rubuta a jikin kwalbar efoksi an auna shi ne a wuri mai sanyin kusan digiri 25, kuma duk ƙarin digiri goma yana kusan rage lokacin zuwa rabi. Wata rana a watan Afrilu, bayan azahar, na dama efoksi na minti talatin a cikin kofin roba mai zurfi ina shirin liƙa allon inji. Ban kai ga shafa rabinsa ba na ji kofin yana ƙona mini yatsu, ya fara hayaƙi, tsinken da nake damawa da shi ya tsaya cak a tsakiya kamar an dasa shi. Tun daga ranar nake yin manyan liƙe-liƙe bayan sallar asuba, ina dama kaɗan-kaɗan, ina kuma shimfiɗa gam ɗin a kan faffaɗan kwali domin zafinsa ya fita. Efoksi na minti biyar ba shi da wuri a jikin duk sashin da zai ɗauki nauyi.

Allon inji shi ne katakon da ke toshe gaban ganga, wanda injin yake ɗaure a jikinsa, kuma shi ne yake shan duk girgizar da injin yake yi. A yi shi da filawud mai ƙwari na kaurin milimita 9 zuwa 12, kada a yi da irin na silin. Zanen da ya zo da kayan zai nuna karkatar da ake so, galibi kusan digiri biyu zuwa dama, domin farfela tana jan jirgi hagu. A liƙa shi da efoksi da aka cuɗa da yankakken zaren gilashi, a zagaye mahaɗin da ƙyallen faiba ta ciki, sannan a shafe fuskar katakon duka da efoksi mai ruwa-ruwa, in ba haka ba fetur zai jiƙa shi ya ruɓar da shi a hankali. Irin wannan kulawa ake yi wa katakon da ke riƙe ƙafafu masu naɗewa. Madaurin salansa da ƙananan ƙarafan ɗaure inji kuwa, masu aikin alminiyam na kasuwar Panteka ta Kaduna za su yanka su daidai idan an kai musu zane da awo.

Fukafukan yawanci farin soso ne da aka lulluɓe da siririn katakon balsa ko obeche, kuma obechen nan itacen dazuzzukan kudancin ƙasarmu ne da ake kai wa Turai a dawo mana da shi a jikin fiffike. Abin lura shi ne murɗewar da aka yi wa ƙarshen fiffike da gangan, inda bakin gaba yake ɗan duƙawa ƙasa da digiri ɗaya ko biyu. Kada wani ya ga haka ya ce kuskure ne ya miƙe shi. Wannan murɗewa ce take sa tushen fiffike ya riga ƙarshensa rasa ɗaukar iska idan gudu ya ragu, jirgi ya sunkuyar da hanci a hankali, maimakon ya kifa gefe ɗaya ya faɗo kamar an harbo shi.

Wajen ɗora fiffike da wutsiya a yi haƙuri fiye da ko'ina. A kafa gangar a kan tebur mai lebur, a soka allura a tsakiyar bayanta can wajen wutsiya, a ɗaura zare marar miƙewa, a auna zuwa ƙarshen fiffiken dama, a auna zuwa na hagu. Bambancin kada ya wuce milimita biyu ko uku. Sannan a koma bayan jirgin, a tsuguna, a dubi kwantacciyar wutsiya ko ta yi layi ɗaya da fiffike. Ba a dama gam sai an maimaita awon nan sau uku an sami amsa ɗaya, domin wutsiyar da ta bushe a karkace ba ta gyaruwa sai da zarto.

Yanzu ga maganar nauyi, wadda ita ce take kashe mafi yawan irin waɗannan jirage. Jirgin yaƙi na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu gajeren hanci gare shi da doguwar wutsiya, saboda injinsa na ainihi yana da nauyi ƙwarai. Injin samfuri bai kai wannan kaso ba, don haka duk giram ɗaya da aka ƙara a wutsiya sai an biya shi da giram uku ko huɗu na darma a hanci. Giram 100 na fila, wato abin cike ramuka, da fenti a baya yana nufin kusan rabin kilo a kan jirgin gaba ɗaya. A ajiye sikeli a kan teburin aiki, a auna kowane sashi kafin a shafa masa wani abu da kuma bayan an goge, a rubuta a littafi. Batura da tankin iskar da ke naɗe ƙafafu da duk abin da za a iya matsarwa a tura su gaba iyakar iyawa. Katakon fiffike da wutsiya a rufe shi da siririn ƙyallen faiba mai giram 25 a murabba'in mita, a kankare rarar gam da tsohon katin waya har sai saƙar ƙyallen ta fito fili.

Wani dattijo mai fentin mota ne ya koya mini sauran. Ya shafa tafin hannunsa a bayan gangar da na cika da faraima, wato shafin farko kafin fenti, ya girgiza kai, ya ce, “Malam, wannan ai ka yi wa mota ne. Faraima ba ta zama a jiki, rami take cikewa, sauran kuma samfefa ta kwashe.” Na ce, “Baba, ai sai faibar ta fito.” Ya ce to ta fito ɗin, haka ake so. A goge da lamba 220, sannan 400 da ruwa, a cike ƙananan hujojin da ke bayyana kamar bakin allura, a fesa fenti siriri sau biyu. Hunturu yana busar da fenti da wuri amma ƙurarsa tana zama a kai, saboda haka a yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki, a rufe tagogi da leda. A damina kuma laima tana sa fenti ya yi fari-fari. Jirgi mai duhun launi kada a bar shi a rana ko a cikin rufaffiyar mota, domin faiba tana laushi ta lotsa.

Na'urorin sarrafawa ba wurin tsimi ba ne. Kowane leɓen fiffike da na wutsiya, wato sashin da ke motsi don juya jirgi, a ba shi sarbo, ƙaramar na'urar da ke motsa shi, mai giyar ƙarfe, mai ƙarfin kilo 15 zuwa 20, da sandar turi da ba ta lanƙwasawa, domin leɓen da ke da wasa yana iya kama kaɗawa a cikin gudu ya tsinke cikin daƙiƙa. A sa wa risiba, na'urar da ke karɓar umarnin rimot, batura biyu da makunni biyu, a ware batirin fulogi daban, a nesanta shi da risiba da kusan santimita 30. A saita rimot ta yadda idan sadarwa ta yanke inji zai mutu. Tiyon mai ya zama irin na fetur kamar Tygon, tunda na silikon yana kumbura. A tace fetur, a gauraya shi da man inji mai bugu biyu bisa awon kamfanin, galibi kashi ɗaya cikin talatin zuwa arba'in. Hular inji kuma ta sami mafitar iska da ta ninka mashiga sau biyu zuwa uku. Kaduna tana kan tudu na kusan mita 600 daga matakin teku, idan zafin bazara ya haɗu da wannan sai iska ta yi sirantaka, inji ya rage ƙarfi, jirgi ya bukaci doguwar hanya kafin ya ɗaga.

Awon ƙarshe shi ne ma'aunin daidaito. Zanen zai nuna wurin, yawanci tsakanin kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na matsakaicin faɗin fiffike daga bakin gaba. A kifa jirgin, tanki babu mai, a tallafe shi a wannan wuri, a gwada da ƙafafu a naɗe da kuma a buɗe. Hanci ya ɗan rinjaya kaɗan. Idan darma ake bukata a sa ta ko da zuciya ba ta so, a ɗaure ta da noti a jikin allon inji, domin jirgin da wutsiyarsa ta rinjaya ba ya sauraron rimot.

Wanda bai ƙware a ƙaramin jirgin koyo ba ya miƙa tashin farko ga wanda ya fi shi hannu. A sami fili nesa da barikoki da filin jirgi da gidajen mutane, a gaida mai unguwa a sanar da shi, a kuma sa wani ya tsare yara, domin farfela mai inci 22 tana cire yatsa. A gwada nisan sadarwa inji na aiki. A fuskanci iska, a ƙara wuta a hankali, a riƙa danna sitiyarin wutsiya dama yayin da jirgin ke neman kaucewa hagu, a bar shi ya yi gudu sosai kafin a ɗaga shi. A can sama a rage wuta a ga irin gudun da yake fara sunkuyawa, domin a san iyakarsa kafin a sauko. A sauka da sauran wuta a inji, a kan manyan tayoyi biyu, bayan minti biyar ko shida kacal. Da ya tsaya a kashe inji, a cire hularsa, a bi kowane noti da sifana, a duba mahaɗin allon inji da tocila ko akwai farin layin tsagewa, a girgiza kowane leɓe da hannu kafin a sake zuba mai.