Akirilik ko fentin mai: wanne za ka ɗauka?

Garin launin da ke cikin fentin akirilik da na fentin mai, waɗanda masu zanen hoto ke amfani da su, kusan iri ɗaya ne. Abin da aka kwaɓa garin da shi ne ya raba su, kuma shi ke sa kowanne ya bushe ta hanyarsa.

Akirilik, wanda ya shigo kasuwa a shekarun 1950, da ruwa ake tsinka shi. Ruwan na tashi, sai ya bar wata 'yar fatar roba. Siririn shafi kan bushe cikin minti 10 zuwa 30, kuma da zarar ya bushe ruwa ba ya narkar da shi. Don haka matso kaɗan-kaɗan a faranti, kana yi kana fesa masa ruwa. Kada ka ajiye buroshi da fenti a jikinsa, domin in ya daskare a gindin gashin, buroshin ya tashi aiki. Launinsa kuma yana ƙara duhu in ya bushe, saboda abin da ke riƙe garin fari-fari ne yana jiƙe, sai ya washe daga baya. Haɗa launinka ya ɗan fi wanda kake so haske.

Fentin mai sai da haƙuri. Man linsid, wato man 'ya'yan tsiro da ake kwaɓa garin da shi, ba ya tashi, iska yake sha har ya taurare, shi ya sa shafi ɗaya kan ɗauki kwana 2 zuwa 12 kafin ya taɓu. Wannan jinkirin ne amfaninsa: kana iya wuni kana narka launi cikin launi, abin da mai zana fuskar mutum ke bukata.

A nan ne kuma ake yawan ɓata aiki. Shafin farko ya zama siriri, a tsinka shi da tafentain, wato ruwan tsinka fentin mai, sannan kowane shafi na sama ya fi na ƙasansa mai. In aka juya tsarin, na sama zai riga bushewa na ƙasa yana motsi, zanen ya tsattsage. Kafin komai, shafa wa ƙyallen zanen jeso, wato farin shafin share fage, sau 2 ko 3, don mai yana cin zaren ƙyallen da ba a rufe ba. Banish kuwa, wato shafin ƙarshe da ke kare zanen, sai bayan wata 6 zuwa shekara. A buɗe taga saboda tururin tafentain, kuma tsumman da ya sha man linsid kada a dunƙule shi a jefa kwando, yana iya kamawa da wuta da kansa. A shanya shi a waje ko a jiƙa shi cikin ruwa.

Ga mai koyo, akirilik ya fi sauƙi: ruwa da sabulu sun ishe shi wanki, kuskure kuma a rufe shi nan take. Ana ma iya haɗa su a zane ɗaya, a shimfiɗa ƙasan da akirilik, ya bushe sarai, a ɗora mai a kai. Amma akirilik a kan mai ba ya kamawa, ɓarewa zai yi.