Idan allon Ubuntu ya yi baƙi bayan saka direban NVIDIA

Direban NVIDIA shi ne manhajar da ke sa katin nuna hoto na kamfanin NVIDIA ya yi aiki. Idan allo ya yi baƙi bayan ka saka shi, kada ka yi gaggawar goge duk abin da ke cikin kwamfutar. Danna Ctrl+Alt+F3 don buɗe allon rubuta umarni, ka shiga da sunanka da lambar sirri, ka rubuta nvidia-smi. Idan ta ce ba ta iya magana da direba, to direban bai hau kan kanel ba, wato zuciyar tsarin Ubuntu.

A Garwa da Marwa na arewacin Kamaru, sau da yawa wuta ce ta ɗauke ana cikin sakawa, aikin ya tsaya rabi. Rubuta sudo dpkg --configure -a, sannan sudo apt -f install. Kafin nan ka tabbata batir ya cika, data ma ta isa, don direban ya kai ɗaruruwan megabait.

In ba wuta ba ce, duba Secure Boot, wato tsaron da ke tantance manhajoji lokacin tashin kwamfuta, da mokutil --sb-state. Idan a kunne take, kanel na ƙin direban da ba shi da sa hannu. Ko ka kashe ta a BIOS, wato saitin kwamfuta na kafin Ubuntu ya tashi, ko ka yi rajistar makullin sa hannun direban a shuɗin allon MOK, wanda ke fitowa lokacin da kwamfutar ta sake tashi bayan saka direba. Mutane da yawa suna tsallake allon nan, a nan matsalar take farawa.

Direban da aka sauko daga shafin kamfanin NVIDIA kuwa, cire shi, ka saka da sudo ubuntu-drivers install.