Yadda ake ƙara wa kwamfutar cikin saba ram ko a rage mata ba tare da an kashe ta ba

Duk wanda ke kula da saba, wato babbar kwamfutar da manhajojin kamfani ke gudana a kanta, a kamfanin masaukin alhazai ko na motocin jigila a Makka, Madina ko Jidda ya san aikin nan da lokacinsa yake tafiya. Daga Rajab abu ya fara ɗumi, goman ƙarshe na azumi manhajar rajistar ɗakuna da ƙyar take numfashi, Zulƙida da Zulhajji kuwa ba a magana, tunda a hajjin 2024 kaɗai mutum sama da miliyan 1.8 ne suka tsaya Arfa. Muharram na kamawa sai ka ga sabar ba ta da abin yi. Abin da aka saba shi ne tun farko a cika wa kowace kwamfuta da aka ƙirƙira a cikin sabar ram ɗinta, wato ma'adanar wucin gadi da manhajoji ke aiki a cikinta, don gudun ɓacin rana. Sai ram ɗin ya zauna kulle a hannun wadda ba ta buƙata, wata kuma tana fama. In aka tashi gyara sai an kashe, a sauya lamba, a kunna, alhali ba mai kamfanin da zai yarda a kashe masa manhaja a daren 27 ga Ramadan.

Kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin da ke raba wa manhajoji ram, na da direbobi biyu (ƙananan manhajoji masu sarrafa na'ura) da ke maganin wannan, dukkansu daga dangin virtio. Sabar da ke riƙe da ram na gaske ita ce mai masauki, kwamfutocin cikinta kuma baƙi. A tsarin virtio ba a yaudarar baƙuwa da na'urar bogi mai kwaikwayon ta ƙarfe. Ta san ita baƙuwa ce, kuma direbanta magana yake kai tsaye da mai masauki. Rusty Russell ne ya assasa tsarin, ya shiga Linux 2.6.24 a 2008. Direba na farko, virtio-balloon, wato balan-balan, tsoho ne kuma kusan ko'ina akwai shi. Na biyu, virtio-mem, aikin David Hildenbrand ne lokacin yana Red Hat, ya shiga Linux 5.8 da QEMU 5.1 (manhajar da ke tafiyar da baƙi) a 2020, libvirt kuma, wadda ake sarrafa baƙin da ita ta umarnin `virsh`, ta fara gane shi daga 7.9.0. Ga aiki irin namu mai hawa da sauka da watanni, na biyun ne abin nema.

Mataki na 1: duba abin da ke hannunka

A kan mai masauki, `virsh version` zai nuna maka libvirt da QEMU. Ubuntu 22.04 na zuwa da QEMU 6.2 da libvirt 8.0, Debian 12 na zuwa da 7.2 da 9.0, duka sun wadatar. A cikin baƙuwa kuma:

```
uname -r
grep -E 'VIRTIO_MEM|VIRTIO_BALLOON|MEMORY_HOTREMOVE|PAGE_REPORTING' /boot/config-$(uname -r)
```

Kana son ganin `y` ko `m` a gaban kowanne. Baƙuwar da ke kan Ubuntu 20.04 da kanel ɗinta na asali, 5.4, ba ta da virtio-mem, sai ka ɗaga kanel ɗin. Mai haɗa kanel da hannunsa ya lura cewa `CONFIG_VIRTIO_MEM` ba zai ma bayyana a jerin zaɓi ba sai an kunna `MEMORY_HOTPLUG` da `MEMORY_HOTREMOVE` da `CONTIG_ALLOC` tukuna.

Mataki na 2: gyara balan-balan, amma kada ka ɗora masa nauyi

Aikin balan-balan ba wuya. Mai masauki ya ce yana son giga 2, direban da ke cikin baƙuwa ya kama shafukan ram har na giga 2 kamar shi zai yi amfani da su, ya miƙa. Da `virsh setmem sunan-baƙuwa 6G --live` ake yi; lambar ita ce abin da zai rage a hannun baƙuwa, wato mai giga 8 ta koma 6. Aibinsa biyu: ba ya iya wuce adadin da aka kunna baƙuwa da shi, sannan shafuka ƙanana na kilobayit 4 yake tsinta nan da can, yana farfasa manyan shafuka na mega 2 da mai masauki ke dogara da su wajen sauri.

Duk da haka kada ka cire shi, don akwai amfani biyu da yake yi ba tare da an hura shi ba. Buɗe `virsh edit` ka mayar da layinsa haka:

```
<memballoon model='virtio' autodeflate='on' freePageReporting='on'>
  <stats period='10'/>
</memballoon>
```

`stats` shi ke ba ka damar ganin halin da baƙuwa ke ciki da `virsh dommemstat` ba tare da ka shiga cikinta ba. `freePageReporting`, wanda ya zo a Linux 5.7, yana sa baƙuwa ta riƙa sanar da mai masauki ram ɗin da ta gama da shi, shi kuma ya karɓe abinsa har sai ta sake nema. Sai dai abin da baƙuwa ta ajiye na fayilolin da ta karanta ba ta lissafa shi a matsayin fanko, don haka kwamfutar da ke riƙe da rumbun bayanai ba za ta mayar da abin a zo a gani ta wannan hanya ba.

Mataki na 3: shirya baƙuwa tun kafin ka ba ta komai

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi tsallakewa. Ƙara ram da virtio-mem kowa zai iya. Ko zai dawo hannunka bayan alhazai sun watse, wannan ya danganta ne da inda kanel ɗin baƙuwa ya zuba shi a ranar da ya karɓa.

Linux yana karɓar sabon ram ne a dunƙule. Duba girman dunƙulen:

```
cat /sys/devices/system/memory/block_size_bytes
```

A yawancin baƙi na x86-64 za ka ga `8000000`. Lissafin tushe 16 ne, wato mega 128. Direban virtio-mem yana sake yanka kowane dunƙule zuwa gutsattsari, galibi mega 2 kowanne, kuma da gutsure-gutsure yake ƙarawa ko cirewa. Kafin ya cire gutsure sai ya kwashe duk abin da ke cikinsa zuwa wani wuri. Bayanan manhajoji suna kwasuwa lafiya. Na kanel kansa kuwa, irin su teburan shafuka, ba sa motsi daga inda aka ajiye su. Gutsure ɗaya shafuka 512 ne, kuma shafi ɗaya tak mara motsi ya isa ya riƙe shi gaba ɗaya. Kamar ɗaki ne mai gado huɗu a Misfala: uku sun tashi, alhaji ɗaya ya ce shi da jakunkunansa ba inda za su, to makulli ba zai koma hannun mai otal ba.

Maganin shi ne a sa kanel ya zuba sabon ram a yankin da ake kira Movable, inda ba a ajiye komai sai abin da ke kwasuwa. Duba tsarin da ake kai yanzu:

```
cat /sys/devices/system/memory/auto_online_blocks
```

In ka ga `offline`, kanel ba zai kunna sabon ram da kansa ba sai in wata dokar udev ta yi masa. In ka ga `online`, zai kunna amma a yankin da kowa ke zuba kayansa. Abin da kake so a ƙara a layin kunna kanel shi ne `memhp_default_state=online_movable`. A Debian da Ubuntu, sa shi cikin `GRUB_CMDLINE_LINUX` a `/etc/default/grub`, ka bi da `update-grub`. A dangin Red Hat kuwa:

```
grubby --update-kernel=ALL --args="memhp_default_state=online_movable"
```

Yanzu ga tarkon da ke ɗaya gefen. Kowane shafi na bayit 4096 yana buƙatar bayit 64 na rajista a wurin kanel, wato kashi 1 cikin 64. Ka ƙara giga 64, giga 1 ya tafi a rajista kawai, kuma yawanci daga ram ɗin asali ake cire shi, ban da teburan shafuka da sauran kayan kanel da ke ƙaruwa yayin da aiki ya ƙaru. Baƙuwar da aka kunna da giga 2 aka lafta mata 64 a yankin Movable za ta fara kashe manhajoji don ƙarancin ram, alhali `free -h` na nuna giga gomomi a zaune. Wanda bai san dalili ba sai ya kwana yana zargin manhaja. Ƙa'idar da ake bi ita ce kada ƙarin ya wuce ninki 3 zuwa 4 na ram ɗin da aka kunna da shi. Mai giga 4 a ba ta ƙarin 12, in an matsa 16.

Wanda kanel ɗinsa ya kai 5.15 yana iya barin wannan lissafi ga kanel:

```
memhp_default_state=online memory_hotplug.online_policy=auto-movable
```

Da haka kanel zai riƙa zuba sabon ram a Movable har ya kai kashi 301 cikin 100 na ram ɗin kanel, abin da ya haura sai ya kai shi yankin gama-gari. Ni wannan na fi so ga sabar da mutum fiye da ɗaya ke taɓawa, don ba kowane yaron ofis ne zai tuna ƙa'idar ninki uku ba ranar da Alhaji ya leƙo ya ce, "Malam, abin nan ya yi nauyi, a ƙara masa mana."

Mataki na 4: haɗa na'urar

Wannan ne kaɗai kashewar da za ka yi, don haka ka zaɓi safiyar Juma'a lokacin da ofisoshi ke rufe. Kashe baƙuwa, buɗe `virsh edit`. Abu uku ake buƙata. Iyakar ram:

```
<maxMemory slots='16' unit='GiB'>20</maxMemory>
```

Sai rukunin NUMA, wato rukunin da ke haɗa wasu CPU da ram ɗinsu, ko da guda ɗaya ne, a cikin sashen `<cpu>`:

```
<numa>
  <cell id='0' cpus='0-3' memory='4' unit='GiB'/>
</numa>
```

Sai na'urar kanta a cikin `<devices>`:

```
<memory model='virtio-mem'>
  <target>
    <size unit='GiB'>16</size>
    <node>0</node>
    <block unit='MiB'>2</block>
    <requested unit='GiB'>0</requested>
  </target>
</memory>
```

`size` shi ne iyakar abin da na'urar za ta taɓa bayarwa, ba abin da ta ɗauka daga mai masauki ba. `requested` shi ne abin da kake so a bayar yanzu, kuma dole ya zama ninkin `block`. Baƙuwar nan za ta tashi da giga 4, tana iya kaiwa 20.

Mataki na 5: ƙara, ka duba, ka rage

```
virsh update-memory-device sunan-baƙuwa --requested-size 8GiB --live
```

Shiga baƙuwa ka buga `dmesg | grep virtio_mem`. Za ka ga layi biyu, `plugged size` da `requested size`, na biyun yana nuna `0x200000000`, wato giga 8. Cikin daƙiƙu kaɗan `free -h` zai nuna kusan 12. Kada ka tsaya nan, tabbatar da yankin:

```
lsmem -o RANGE,SIZE,STATE,ZONES
```

Layukan ƙasa, na sabon ram, su nuna `Movable`. In `Normal` ka gani a dukkansu, mataki na 3 bai kama ba. Duba `/proc/cmdline` ka gyara tun yanzu, kafin kanel ya watsa kayansa a ciki.

Ragewa da umarni ɗaya ne, lamba kawai za ka sauya zuwa `2GiB` ko `0`. Amma ka riƙe cewa roƙo ne kake yi, baƙuwa ce ke cikawa gwargwadon iyawarta. Gaskiyar abin da ke hannunta tana cikin `<current>` da za ka gani a `virsh dumpxml`, ba cikin `<requested>` ba. Ka gwada ragewar nan yayin da manhajar ke aiki sosai, don gwajin da aka yi a kan baƙuwa mai zaman banza ba ya nuna komai.

In `current` ya tsaya bai sauko ba, kada ka yi gaggawar sake kunnawa. Direban yana sake gwadawa da kansa, yana farawa da tazarar daƙiƙa 50, tana tsawaita har minti 5. In ya daɗe a haka, dalilan ba su da yawa. Ko dai baƙuwar na amfani da ram ɗin da gaske, ba inda za a kwashe kayan a kai. Ko wani sashe ya faɗa yankin Normal. Ko kuma akwai abin da ya kafe shafuka, kamar manyan shafuka na giga 1 da aka ware wa rumbun bayanai. Na farkon shi ya fi yawa, musamman da manhajojin Java da MySQL da aka ba su dama su kame kaso mai tsoka tun tashi. Sai ka rage musu nasu saitin kafin ka nemi kanel ya sakar maka.

Lissafin mai masauki

Babu abin da zai hana ka yi wa baƙi uku alkawarin giga 40 kowacce a kan saba mai giga 64. Matuƙar ba su nema lokaci ɗaya ba, lafiya lau. To amma a kamfanin alhazai manhajar ɗakuna da ta motoci da ta kuɗi duk rana ɗaya suke cika. In ram ɗin mai masauki ya ƙare, kanel ɗinsa zai kashe wanda ya fi ci, kuma wanda ya fi ci ɗin ɗaya daga cikin baƙin ne, galibi wadda aka fi buƙata. Saboda haka ka tara ram ɗin tashi na kowace baƙuwa da `requested` ɗinta, ka bar wa mai masauki wasu giga na kansa da na QEMU, jimillar kada ta haura abin da ke cikin injin. Idan ta haura, virtio-mem ba zai haifo maka ram ba, sai dai a nufi shagunan kwamfuta na titin Khalid bin Walid a Jidda ko na Ulayya a Riyad.

Kada kuma ka haɗa hura balan-balan da virtio-mem a baƙuwa ɗaya. Suna iya zama tare, amma lissafin nawa ke hannun wa sai ya dagule maka. Bar wa balan-balan aikin rahoto kawai.

Mai son abin ya riƙa tafiya da kansa zai iya sa umarnin `update-memory-device` a cron na mai masauki, wato manhajar da ke buga umarni a ranar da aka tsara mata, ya ƙara `--config` kusa da `--live` don lambar ta tsaya ko an sake kunna baƙuwa. Sai dai cron kalandar Miladiyya ya sani, Ramadan da hajji kuma suna matsowa gaba da kusan kwana 11 kowace shekara, don haka duk farkon shekara sai an zauna da kalandar Ummul Ƙura an sake rubuta ranakun.